Bishiyoyin Gwaggo ba su shiga lissafin gado ba

Ta'aziyyarmu iri ɗaya ce, ko waye ya rasu. Ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, halinta na gari ya bi ta. In mutum ya so ya ƙara, sai ya ce ai mutuniyar kirki ce, ba ta da abokin faɗa. Ban raina addu'a ba, ita ce abin da mamaci ya fi buƙata, kuma a wannan fannin mun fi Turawan da nake zaune cikinsu nesa ba kusa ba. Amma da Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu a Katsina hunturun bara, na bi saƙonnin da 'yan uwa suka yi ta turowa tun ranar jana'iza har sadakar arba'in, ban ga wanda ya ambaci lambunta ba. Matar da ta shafe sama da shekara 40 tana raya ƙasa a bayan ɗakinta, rabin unguwa sun ci daga hannunta, sai aka taƙaita ta da "ba ta da abokin faɗa". Wannan ɗin ma ba gaskiya ba ne. Duk mai akuya a lungun ya san Gwaggo tana da faɗa.

Gidan tsohon ginin ƙasa ne a cikin birni, ba nisa da Ƙofar Marusa. Duk Bakatsine ya san lambunan da ke bin rafin Ginzo ta wannan gefen, inda ake noman rani, latas da kabeji da karas. Wannan aikin maza ne. Matar aure ta zamanin Gwaggo ba ta leƙa can, ko cefane sai dai ta aiki yaro. Da yake ba ta da halin zuwa lambu, sai ta jawo lambun ya same ta a gida. Akwai wani ɗan fili a bayan ɗakuna, tsakanin madafi da katanga, inda a da ake ɗaure jaki ana zuba toka. Nan ta fara da lalle da zogale, abin da kusan kowace tsohuwa ke da shi. Lokacin da na yi wayo kuwa akwai lemun tsami, da gwaiba, da rumman, da gwandar da take sabuntawa duk bayan 'yan shekaru, da mangwaro ɗan aure guda. Da damina babu wurin sa ƙafa: rama, yakuwa, kuɓewa, lalo, karkashi, ga kabewa ta haye rufin madafi, soso da duma sun cinye dangar kara.

Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu, da na ga yadda ake lambu a wata ƙasa, shi ne maganar ruwa. Ruwan saman da Berlin, babban birnin Jamus inda nake zaune, ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, kusan daidai da na Katsina. Sai dai nan kaɗan-kaɗan yake zuwa duk tsawon shekara, kuma kowane lambu da famfonsa. Namu a wata huɗu yake zubowa duka, daga Yuni zuwa Satumba, shi ke nan sai baɗi. Daga nan iskar hunturu ta busar da komai, bazara ta biyo baya da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu. Famfo kuwa sai ranar da ya ga dama. Duk ruwan da lemon Gwaggo ya sha a rani, daga kurar ɗan garuwa ya fito, kuma da kuɗi aka saye shi.

Shi ya sa a gidanta ruwa ba ya aiki ɗaya. Dutsen alwala a gindin lalle ta ajiye shi, ta shuka na'ana'a a gefensa, don haka duk wanda zai yi salla a gidan, ya sani ko bai sani ba, ya yi mata ban ruwa sau biyar a rana. Ruwan tsari raba shi take yi, rabi na tumaki rabi na gwanda. Ruwan sabulu ba ya taɓa abin da za a ci, rariya ke kai shi gindin bedin ƙofar gida, ta ce shi bedi ba abin da ke damunsa. In tulu ya tsage ko tukunya ta fara yoyo, ba a yar da ita. Gwaggo za ta sa a haƙa rami a gindin lemo a binne ta har wuya, ta cika ta da ruwa ta rufe bakin da kasko. Ruwan ya riƙa tsatsowa a hankali kai tsaye wurin saiwa, rana ba ta samun rabonta. Irin wannan tukunyar ta ƙasa na gani jere a kantin kayan lambu a nan, cikin kwali mai hoto, da farashin da zai sayi tuluna masu yawa a wurin maginan tukwanenmu.

Ba ta taɓa sayen maganin feshi ba. Toka take barbaɗa wa kuɓewa da sassafe kafin raɓa ta bushe, ko ta daka 'ya'yan bedi ta jiƙa su kwana ta yayyafa da tsintsiya. Kashin tumaki sai ya shekara a rami kafin ta yarda a kai shi gindin shuka, sabo a wurinta ƙona saiwa yake. Iri kuwa a tsofaffin kwalaben magani take adana shi, gauraye da toka don ƙwari, kowace kwalba da 'yar takarda an rubuta da ajami: kuɓewa gajera, kuɓewa doguwa, yakuwa ja, yakuwa fara. Ba ta yi boko ba, makarantar allo ta yi, kuma ta yi mata amfani har a nan.

A ƙarshen shekarun 1980, bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aka yi wani babban aikin dashen itatuwa da tallafin ƙasashen Turai, ana raba dashe a baƙar leda kyauta. Wani ɗan uwanmu da ke aikin gandun daji ya kawo mata 'yan kaɗan, ya kuma nuna mata yadda ake aurar da mangwaro. Ta kalla, ta sa ya maimaita, ta sallame shi. Da reza da yankin leda ta yi nata, ya kama. Bayan 'yan shekaru ta gwada ɗora reshen lemun zaƙi a kan lemun tsami, aka wayi gari bishiya ɗaya tana ba da iri biyu. Mu yara mun ɗauka asiri ne. Ita kuma ba ta taɓa gyara mana zancen ba, saboda tsoron ya rage mata ɓarna.

Hannunta ba ya zama. Duman da ta shuka shi take fafewa ta yi ludayi, ta ƙona masa zane da ƙarfe mai zafi. Tana saƙa faifai mai launi. Duk kwanon samira da ya huje, duk gwangwanin madara, duk tsohuwar taya, sai ka gan su cike da ƙasa a jere a gindin katanga. A ciki har da furannin da ba a ci ba a sha, ja da ruwan ɗorawa, waɗanda ta roƙo irinsu a gidan wata malamar asibiti. Mijinta, Malam, ya taɓa tsayawa a kansu ya ce, "Wanga kuma mi ake yi da shi?" Ta ce, "Kallo, Malam. Ido ma yana da haƙƙi." Bai sake tambaya ba.

Ni Babana take ce mini, don sunan mahaifinsu aka sa mini, kuma wannan bai hana ta ja mini kunne ba ranar da na karya reshen gwaiba. Dokarta ga yara guda ce: a tsinka, kar a karya. Almajiri ya shigo bara, in tuwo ya ƙare ba ya fita hannu banza, ko gwanda ce a yanka masa. Kullum akwai yarinyar da ke tsaye a bakin madafi tana cewa wai in ji Inna a sam mata zogale. Mai jego a unguwar ba ta aikowa ma, Gwaggo ke aika mata. Da azumi lemun tsami ke bin gidaje a faifai. In za a yi biki, lallen amarya daga wurinta yake fitowa, ita za ta shanya a inuwa ta daka ta tankaɗe, kuma ba ta karɓar ko sisi a kan na amarya. Na sauran mata kam sayarwa take, da busasshiyar kuɓewa, da kuɗin take zubin adashi ta biya ɗan garuwa. Kirkinta da lissafi yake tafiya, in ba haka ba lambun da bai kai shekara 40 ba.

To ga abin da na gani a nan Jamus. Akwai wani tsari na ƙananan lambuna da ake ba mazauna birni haya, jere a wuri ɗaya ƙarƙashin ƙungiya. Sun kai wajen 900,000 a ƙasar, Berlin kaɗai tana da kusan 70,000. Asalin sunan da ake kiransu da shi, Schrebergarten, daga birnin Leipzig ne, inda aka kafa wata ƙungiya a 1864 don tunawa da wani likita, Moritz Schreber. Tun 1983 akwai dokar tarayya musamman dominsu: lambu kada ya wuce murabba'in mita 400, ɗan ɗakin da za a gina ciki kada ya wuce 24, an kuma ƙayyade kuɗin haya don kada a kori talaka. Ƙa'idar da ake bi kuma ita ce kashi ɗaya cikin uku na filin dole a shuka abin ci. Mutane kan yi shekaru a layi suna jiran a ba su.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, gwiwa ta hana ta durƙuso, ta yanke shawarar sakin nata. Kafin a miƙa wa na gaba, sai ƙungiya ta turo masu ƙiyasi da littafi da awo. Suka bi bishiyoyin tufa ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta shekarunsu da lafiyarsu, suka ƙirga ƙananan itatuwan 'ya'ya, suka auna shinge da ɗaki, suka yi wa kowanne kuɗi. Wanda ya gaje ta a lambun shi ya biya. Ta nuna mini takardar. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma aikin hannunta na shekaru yana nan a rubuce, layi-layi, an san da shi.

A gidanmu kuwa, Malam ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan suka bar gidan ba a raba ba don kunyar tsohuwa, kuma Allah ya saka musu. Bayan rasuwarta aka kira magini da dillali su yi wa gida kuɗi. Suka ƙirga ɗakuna, suka duba azara da kwano, suka ja tef. Da aka zo bayan ɗakuna dillali ya rubuta "fili". Mangwaron da ya shekara 30 yana ba da 'ya'ya, da lemon nan mai iri biyu, da gwaiba, duk sun zama fili. Kafin damina ta sauka an sare mangwaron an sayar wa masu itace, an zuba bulo, an fitar da shago ta waje. Inda lemon yake, ramin masai aka haƙa.

Ba zagin 'yan uwana nake ba, abin da kowa ke yi suka yi. Tambayata ita ce me ya sa ba wanda ya ga akwai abin lissafi a wurin. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙauye kowa ya san ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke gona dukiya ce mai zaman kanta, ana gadonta, har akan sayar da gona a ce ban da ɗorawar. A shari'a kuma duk abin da mamaci ya mallaka yana shiga rabo, ko allura ce. An raba kwanukan Gwaggo da zannuwanta da tumakinta daidai yadda Allah ya ce. Itatuwan da ta dasa da hannunta, ta shayar da kuɗin adashinta, a filin mijinta, na wa ne? Na gadon Malam ne ko nata? Wannan mas'ala ce ta malamai, su za su amsa. Abin da ya dame ni shi ne ba a ma yi tambayar ba. Kuma ina ganin dalilin a fili yake: lambun namiji a bakin Ginzo sana'a ce, na mace a bayan ɗaki kuwa ana ɗaukarsa abin rage lokacin tsofaffi.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a waya. Kai kana can cikin sanyi kana maganar bishiya, mu nan muna da 'ya'ya, haya ta yi tsada, gari ya cika. Saiwar mangwaro tana tsaga gini. Shuke-shuke na tara sauro. Wa zai sayi ruwan ba lemo alhali na sha ma da ƙyar? Duk gaskiya ne, kuma wanda ke biyan haya a Berlin ba shi da bakin cewa magada su zauna a ɗaki ɗaya don gwaiba ta rayu. Ban ce kar a yi gini ba. Cewa na yi a ƙirga tukuna. Abin da aka yi wa kuɗi a gaban shaidu, mutum kan yi tunani kafin ya ɗora masa gatari. Wanda bishiya ta faɗo rabonsa ya san an lissafa masa ita. Wanda ke son ta tsaya ya samu ƙofar cewa ni zan biya. Sau da yawa ma matsar da rami taku uku kawai ake buƙata, amma ba mai matsar da rami saboda "fili".

Kuma hujjar ƙarancin wuri ba ta aiki a sabbin unguwanni. Fulotin ƙafa 50 da 100 da muka saba yankawa ya haura murabba'in mita 460, wato ya fi lambun da dokar Jamus ta yarda a ba mutum girma. Me muke yi da shi? Gini katanga zuwa katanga, abin da ya rage a shafe shi da intalok, ko tsiron ciyawa kada a gani. Da bazara tsakar gidan ta ɗauki zafi ta riƙa amayar da shi har tsakar dare, maigida yana zaune yana fifita yana tsine wa masu wuta. Katsina tana cikin jihohin da shirin nan na kafa shingen itatuwa don tare hamada ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007. Duk shekara ana taron dashe, a ɗauki hoto. Itatuwan da suka riga suka girma a cikin gidaje, waɗanda ba gwamnatin da ta kashe musu kwabo, su ake sarewa ba mai cewa uffan.

Kada a ɗauka Jamus nake yi wa kirari. Gwaggo ba za ta yi wata guda a lambunansu ba. An ƙayyade tsayin shinge. Ranar Lahadi ba a tada injin yankan ciyawa. Kwamiti kan zaga ya duba ko kashi ɗaya cikin ukun nan na abin ci ya cika. Kabewarta da ba ta san iyaka ba, ranar da ta tsallaka wurin maƙwabci wasiƙa za ta iso. Akwai dokar da na san za ta so, wadda ta hana datse shinge daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba saboda tsuntsaye na sheƙa. Amma ƙofofin a kulle suke. Da kaka sai ka ga tufa zube a ƙasa yana ruɓewa, mai kirkin cikinsu ya zuba a kwali ya ajiye a bakin hanya da takarda cewa kyauta ne, ya koma ciki, bai san wa ya ɗauka ba. Babu yarinyar da za a aiko. Maƙwabciyar tawa ta samu takardarta da kuɗinta, ta dawo bene tana shayar da tukwane uku a baranda, kuma ban ga wanda ya taɓa cin tufanta ya hauro ya gaishe ta ba. Gwaggo a watanninta na ƙarshe ɗakinta bai taɓa rabuwa da mata ba, har sai da aka riƙa roƙonsu su bar ta ta yi barci. In aka ce in zaɓar mata tsakanin biyun, ba sai na yi shawara ba.

Makabartunsu ma lambuna ne. Ana shuka furanni a kan kabari, iyali su riƙa zuwa da butar ban ruwa, wurin kuma haya ne na wajen shekara 20, in ba a sabunta ba a baje shi. Mu ba ma haka, kuma ba na so mu fara. Abin da muke da shi ya fi wannan ƙarfi. Hadisin Anas yana cikin Bukhari da Muslim: babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi. Malamai na karanta shi a wa'azi, muna gyaɗa kai. An yi wa Gwaggo sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an soya waina an raba, an kashe kuɗi ba kaɗan ba don lada ta isa gare ta. A cikin watannin nan kuma aka sare mangwaron da ke ciyar da yara da jemagu da sunanta duk shekara, ba tare da an nemi kowa ya soya komai ba.

Ba duka aka rasa ba. Kafin magina su fara, matan unguwa sun shigo sun yanki rassan lalle, wasu sun tone na'ana'a. Kwalaben iri suna wurin autarta. Rumman ɗin kuma yana tsaye, don ya faɗo daidai kan iyaka tsakanin rabon babban wansu da na autar, wadda nata rabin nasa ne. Ita ta ce a karkata katangar ta ci ta gefenta, ta yafe ƙafa biyun. Shi ya ce magini ya ce katanga mai lanƙwasa ta fi cin bulo kuma ba ta da kyan gani. Na kira shi na ce, Yaya, in ƙarin bulon ne matsala ni zan turo. Ya yi dariya ya ce Turai ta ɓata ni, amma zai sake magana da maginin bayan salla.